Daga IBM 704 zuwa Emacs: tarihin jerin guraben da babu kowa

Manhajar gyara rubutu tana aikin da ido ba ya gani. Kana danna maɓalli, ita kuma tana ƙirƙirar ƙananan bayanai masu yawa, ta yi amfani da su, ta watsar. Kowane ɗaya sai an nema masa wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan neman wurin ya ɗauki lokaci, harafin da ka danna zai makara kafin ya fito a allo. To, ta yaya aka shawo kan wannan?

Matsalar ita ce, idan ana raba wurare masu girma daban-daban, ana karɓa ana mayarwa, a hankali ƙwaƙwalwar sai ta zama gutsure-gutsure. Jimillar wurin da ya rage yana da yawa, amma babu guda ɗaya da zai ɗauki abin da ake so a ajiye. Maganin shi ne a yanka ta gurbi-gurbi, duk girmansu ɗaya, kamar kiret ɗin lemo: kowace kwalba ta shiga kowane rami. Sannan a ɗaure guraben da babu kowa a jeri guda, kowane gurbi yana riƙe da adireshin na gaba da shi. Mai nema ya ɗauki na farko, mai mayarwa ya ɗora a farko. Ba bincike, ba aune-aune. Kuma jerin ba ya cin wani wuri na daban, tunda a cikin guraben da ba a amfani da su ake rubuta adireshin.

Dabarar ta girmi manhajojin rubutu. A 1956, Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon sun yi amfani da ita a harshen IPL, wanda suka gina a cibiyar RAND a Amurka. Sai dai a can mai rubuta manhaja ne da kansa zai mayar da duk gurbin da ya gama da shi. In ya manta, wurin ya salwanta. In kuma ya mayar da wanda ake amfani da shi, bayanai biyu za su faɗa gurbi ɗaya, aiki ya lalace.

John McCarthy na jami'ar MIT, wanda ya fara harshen Lisp a 1958, shi ya sauke wa mutane wannan nauyin. Kwamfutarsa IBM 704 ce, mai kalma ta bit 36, cikinta akwai ɓangarori biyu masu bit 15 kowanne, wato kowanne zai iya nuna ɗaya daga wurare 32,768. Kalma ɗaya ta zama gurbi ɗaya mai adireshi biyu. A maƙalarsa ta 1960 ya bayyana cewa ana farawa da gurabe kusan 15,000 a jerin. Ba a mayar da komai sai jerin ya ƙare. Daga nan na'ura ta bi duk abin da manhaja za ta iya kaiwa gare shi ta sa masa alama, ta tattara sauran ta mayar jeri. Wannan shi ne asalin abin da ake kira kwashe shara, kuma a lokacin yakan ci daƙiƙoƙi da dama.

Emacs ya samo asali ne a 1976 a ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na MIT, a matsayin tarin umarni a kan tsohuwar manhajar TECO. A 1978 Bernard Greenberg ya rubuta wani Emacs da Lisp don tsarin Multics. Da Richard Stallman ya fitar da GNU Emacs a 1985, ya sa masa nasa Lisp a ciki, tare da gadon McCarthy. A fayil ɗin alloc.c, Emacs yana karɓar babban bulo daga tsarin kwamfuta, ya yanka shi gurabe masu girma ɗaya. Gurbi mai adireshi biyu, wanda ake kira cons, bait 16 yake ci a kwamfuta mai bit 64, kuma yana da jerinsa. Lambobi masu ɗigo ma da nasu bulo da nasu jeri. Bisa saitin asali, sai an raba aƙalla bait 800,000 kafin a sake kwashe shara.

Abin lura, rubutunka kansa ba ya cikin waɗannan guraben, domin shi ba shi da tsayayyen girma. Yana zaune ne a doguwar ma'ajiya guda mai giɓi a tsakiya, giɓin yana matsowa inda kake gyara.

Amma fa dabarar ba kyauta ba ce. Gurbin cons da babu kowa ba zai karɓi wani nau'in bayani ba. Kuma ba a mayar wa tsarin kwamfuta bulo sai duk gurabensa sun zama fanko. Gurbi ɗaya mai rai ya isa ya riƙe bulo sukutum. Shi ya sa manhaja kan ci gaba da riƙe ƙwaƙwalwa bayan ta gama babban aiki. Masu amfani da Emacs da yawa suna ɗaga adadin nan na 800,000 don rage yawan tsayawa, sai dai idan sharar ta taru, tsayawar takan fi tsawo.

Duk da haka dabarar ba ta tsufa ba. A 1994 Jeff Bonwick na kamfanin Sun ya gina mai raba ƙwaƙwalwa na Solaris a kan ware kowane nau'in bayani da gurabensa masu girma ɗaya, daga baya Linux ma ya ɗauka. Wayoyin Android a kan Linux suke tafiya, don haka jikan wancan jeri na 1956 yana aiki a wayar da ke hannun yawancinmu.