Chester Williams: Daga Fili Zuwa Kujerar Koci

A wannan mako za mu leƙa Afirka ta Kudu, inda ƙwallon zari-ruga ta daɗe a matsayin wasan Turawa tsiraru a zamanin mulkin wariyar launin fata.

An haifi Chester Williams a garin Paarl a 1970, kuma ya fara buga wa tawagar ƙasar, Springboks, wasa a 1993. Da ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya a 1995, shekara guda bayan zaɓen Nelson Mandela, hotonsa ne ya cika allunan talla, domin shi kaɗai ne ba Bature ba a tawagar. Ana dab da farawa ya ji rauni a cinya, aka cire shi. Sai da aka dakatar da Pieter Hendriks saboda faɗan da ya ɓarke a wasansu da Kanada sannan aka dawo da shi. A wasan kusa da na kusa da ƙarshe da Samoa, sau huɗu yana dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya. Ranar 24 ga Yuni suka doke New Zealand da ci 15 da 12, Mandela ya miƙa kofi sanye da rigar tawagar. Duniya ta ce ƙasa ta haɗe.

Sai a 2002 aka ji ɗaya ɓangaren. A littafin tarihinsa da Mark Keohane ya rubuta, Chester ya bayyana yadda wasu abokan wasansa ke jifansa da kalaman wariya, da yadda aka riƙa nuna shi a bainar jama'a alhali a bayan fage bare ne. In ji masu iya magana, ba a nan gizo ke saƙar ba.

Bayan wasanni 27, ya koma horaswa. Ya jagoranci tawagar 'yan wasa bakwai-bakwai ta ƙasar har ta ci tagulla a gasar ƙasashe renon Ingila a Manchester a 2002. Daga nan aka ba shi ƙungiyar Cats, amma sakamako bai yi kyau ba, suka rabu a 2005. A 2008 sunansa na cikin masu neman kocin Springboks, sai aka zaɓi Peter de Villiers. Aikin ya kai shi Uganda da Romaniya, kafin ya dawo gida ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Western Cape, jami'ar da aka kafa tun asali don waɗanda ba Turawa ba. A hannunsa ta samu hayewa zuwa babbar gasar jami'o'in ƙasar.

Ya rasu ranar 6 ga Satumba 2019 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 49. Ba a cika wata biyu ba Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin tawagar, ya ɗaga kofin duniya a Japan.

Duk wanda ya tsaya a hoton 1995 zai rubuta labarin nasara mai daɗin karatu, amma rabin labari ne. Sauran rabin yana cikin shekaru 24 da suka biyo baya, a ƙananan filaye da ƙasashen da ba a haska wasanninsu a talabijin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.