Hukumar Yaƙi Da Wariya A Birtaniya: Yadda Ta Samu Iko, Da Yadda Aka Riƙe Mata Aljihu

A watan Afrilu na 1963, wani matashi ɗan asalin Jamaika mai suna Guy Bailey ya nemi aiki a kamfanin motocin bas na birnin Bristol da ke Ingila. Gurbi akwai shi, har an sa ranar ganawa, amma da aka gane baƙar fata ne sai aka ƙi sauraronsa. Kamfanin bai karya wata doka ba, domin a lokacin babu dokar da ta hana mai kamfani ko mai gidan haya ya kori mutum saboda launin fatarsa. Wani mai fafutuka, Paul Stephenson, da abokansa suka kira jama'a su ƙaurace wa motocin. Wata huɗu ana ja-in-ja, sai ranar 28 ga Agusta kamfanin ya sanar da cewa ya daina wariya wajen ɗaukar ma'aikata.

Bayan shekara biyu gwamnatin Harold Wilson ta kafa dokar farko kan wariyar launin fata, ta 1965, kuma a 1966 aka buɗe hukumar da za ta kula da ita, ƙarƙashin Mark Bonham Carter. Mutum uku ne kacal mambobinta. Dokar ta hana wariya a otal da gidan abinci da silima da makamantansu, amma ta yi shiru kan aiki da gidan haya, waɗanda nan ne baƙi daga Karebiyan da Indiya da Pakistan da Afirka suka fi shan wulaƙanci. Ke nan wanda aka hana aiki irin yadda aka hana Bailey, ko bayan wannan doka ba shi da wurin kai kuka. Hukumar kuma sulhu kawai take iya yi. In sulhu ya ci tura, sai ta miƙa wa Antoni Janar, shi ne zai ga dama ya je kotu ko ya bari. Galibin koke-koken da ta karɓa a shekararta ta farko ta mayar da su, domin dokar ba ta kai gare su ba.

Abin da ya tilasta gyara shi ne hujja. A 1967 cibiyar bincike ta PEP ta tura mutane neman aiki ɗaya da gida ɗaya: Bature ɗan ƙasa, da Bature baƙo, da baƙar fata. Sakamakon ya nuna ƙarara cewa launi ne ake ƙi, ba baƙunta ko rashin iya Turanci ba. Dokar 1968 ta shigo da aiki da gidaje, ta kuma ba hukumar damar shigar da ƙara da kanta, duk da tashin hankalin da jawabin ƙyamar baƙi da ɗan siyasa Enoch Powell ya yi a Birmingham ya haddasa a watan Afrilun shekarar. Sai dai wanda aka zalunta ba ya iya zuwa kotu kai tsaye. Dole ya bi ta hukumar, ya jira.

Babban sauyi ya zo a tsakiyar shekarun 1970, a hannun ministan cikin gida Roy Jenkins da mashawarcinsa, lauya Anthony Lester. A 1975 aka yi dokar hana wariyar jinsi tare da hukumarta, EOC, mai mazauni a Manchester. A 1976 aka yi sabuwar dokar launin fata, wadda ta haifi hukumar CRE a 1977. Daga nan mutum yana iya kai ƙararsa da kansa, hukumar kuma tana iya ɗaukar masa lauya. Tana iya buɗe bincike ko ba wanda ya kawo ƙorafi, ta nemi takardu, ta ba kamfani umarnin daina wariya. Dokar ta kuma gane cewa akwai ƙa'idar da ake shimfiɗa wa kowa daidai, amma a aikace wasu mutane kawai take tarewa.

Shari'ar da ta fi bayyana wannan ita ce ta wani yaro ɗan ƙabilar Sikh da wata makaranta a Birmingham ta ƙi ɗauka sai ya cire rawaninsa ya aske gashi. CRE ta tsaya wa iyalin har kotun ƙoli ta wancan zamani, kuma a 1983 suka yi nasara. Iyali ɗaya da kuɗin aljihunsu da wuya su kai ƙara har can, kuma amfanin hukuma mai kuɗi ke nan. Amma hukuncin ya bar wani giɓi mai ciwo. An ɗauki 'yan Sikh da Yahudawa a matsayin ƙabilu, don haka dokar ta kare su, Musulmi kuwa mabiya addini ne daga ƙabilu barkatai, don haka ba ta kare su a matsayinsu na Musulmi ba. Sai a 2003 aka hana wariyar addini a wurin aiki a Ingila da Sikotlan da Wales.

Su kansu alƙalai ba su yi maraba da ƙarfin binciken CRE ba. A shari'ar ƙaramar hukumar Hillingdon a 1982 da ta kamfanin Prestige a 1984, kotun ƙoli ta ƙuntata shi: ba za a binciki wani kamfani da sunansa ba sai da dalilin zarginsa tun farko. Bincike ya koma abu mai ɗaukar shekaru da cin kuɗin lauyoyi, hukumar ta rage yin sa.

Kisan Stephen Lawrence, ɗalibi baƙar fata mai shekara 18, a unguwar Eltham ta Landan a watan Afrilu na 1993, da sakacin da 'yan sanda suka yi wajen binciken, su suka jawo gyara na gaba. Rahoton Macpherson na 1999 ya ce wariya ta yi saiwa a tsarin aikin rundunar kanta. Dokar 2000 ta shigar da ayyukan 'yan sanda ƙarƙashin dokar wariya, ta kuma ɗora wa hukumomin gwamnati nauyin hana wariya tun kafin a kawo ƙara. A shekarar ne kuma aka buɗe hukuma ta uku, ta masu buƙata ta musamman.

Ranar 1 ga Oktoba, 2007, aka haɗe hukumomin uku suka zama EHRC, da Trevor Phillips a kan kujerar shugabanci. An ƙara mata batun addini da shekaru da haƙƙin ɗan Adam gaba ɗaya, aka ba ta kasafin kimanin fam miliyan 70. A takarda babu hukumar da ta taɓa samun irin wannan iko a ƙasar. Amma minista ne ke naɗa kwamishinoninta, kuma ta hannun ma'aikatar gwamnati kuɗinta ke fitowa. An ba ta doki, an riƙe linzami.

Ba a daɗe ba aka ga abin da hakan ke nufi. Bayan zaɓen 2010, gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron ta shiga tsuke bakin aljihu, kasafin hukumar ya yi ta raguwa har ya tsaya a wajen fam miliyan 17, ya kuma daɗe a nan yayin da farashin komai ke hawa. An rage ma'aikata sosai. A 2012 aka ɗauke mata layin wayar da jama'a ke kira su kai kuka, aka ba wasu kwangilarsa, aka kuma soke tallafin da take ba ƙananan ƙungiyoyi masu taimakon masu ƙara. A ganina cire layin wayar nan ya fi rage kuɗin illa, domin ta nan ne hukuma ke jin inda ake cutar mutane. A 2013 kuma aka sa wa masu kai ƙara kotun ma'aikata kuɗin da ya kai fam 1,200, ƙararraki suka ragu ƙwarai, har Kotun Ƙoli ta soke kuɗin a 2017.

Duk da haka hukumar ta yi ayyuka masu nauyi. Ta kai jam'iyyar BNP kotu a 2009 kan ƙa'idarta ta karɓar fararen fata kaɗai. A 2020 ta samu jam'iyyar Leba da laifin karya doka kan ƙyamar Yahudawa, ta kuma samu ma'aikatar cikin gida da saɓa wa doka a manufofin da suka jefa mutanen Windrush cikin bala'i, waɗanda suka zo daga Karebiyan tun suna yara aka wayi gari ana ce musu baƙin haure. Amma a shekarar dai ta ƙi buɗe bincike kan zargin ƙyamar Musulmi a jam'iyyar Conservative mai mulki a lokacin, duk da koken Majalisar Musulmin Birtaniya, tana mai cewa jam'iyyar ta kafa nata binciken. Ko da hukuncin nata yana da hujja, Musulmin da ya san cewa gwamnatin jam'iyyar ce ke naɗa kwamishinoni tana yanka kasafi a lokacin ba zai yarda da shi ba, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Ƙa'idojin Paris, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1993, sun tanadi cewa irin waɗannan hukumomi su samu isasshen kuɗi da tsayayyen wa'adin aiki, don kada gwamnati ta juya su. Da wannan ma'auni aka sauke hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Najeriya zuwa mataki na biyu a 2007, bayan cire babban sakatarenta, Bukhari Bello, daga muƙaminsa a 2006, kuma ba ta koma matakin farko ba sai da aka gyara dokarta, kuɗinta ya koma fitowa kai tsaye daga asusun tarayya. EHRC tana matakin farko tun 2009, amma gyaran da take buƙata a bayyane yake: naɗi da kasafi su koma hannun majalisa. Ba sai an je nesa neman misali ba, domin hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Sikotlan ga majalisar dokokin yankin take ba da bahasi, kuma daga can kuɗinta ke fitowa.