Tsidau: yadda ake gane shi da wuraren da yake tsirowa

Tsidau ciyawa ce mai yaɗo a ƙasa, wadda masana ke kira Tribulus terrestris tun 1753, Faransawa kuma « croix-de-Malte ». Danginsu ɗaya da aduwa. Wanda ya taso a Maradi ko Katsina da tafin ƙafa yake fara saninsa, amma yaron Zangon Kumasi kan iya girma bai taɓa taka shi ba.

Daga saiwa guda rassansa ke bazuwa ta kowane gefe, wani ya kai mita 1. Ganyen mai gashi-gashi ne, ƙananan ganyaye jere bibbiyu kamar na tsamiya. Furen ɗan ƙarami ne, rawaya, mai kunnuwa 5. Idan ɗan ya bushe sai ya rabe gida 5, kowane da manyan ƙayoyi biyu masu huda tayar keke.

Akan rikita shi da wasu tsirrai. Kashin yawo ma yana da ƙaya, sai dai a tsaye yake girma, ganyensa kuma faffaɗa ne. Mazauna Faransa kan ga wata mai yaɗo da rawayan fure, « quintefeuille », su ɗauka shi ne, alhali ganyenta kamar yatsun hannu biyar yake, kuma ba ta da ƙaya.

Tsidau ya fi son jigawa da rana, shi ya sa ya yawaita a kudancin Nijar, arewacin Najeriya, Burkina Faso da arewacin Ghana, haka ma Indiya da kudancin Turai. Kumasi kuwa yankin kurmi ce mai yawan ruwan sama, wanda bai dace da shi sosai ba. Amma ƙayarsa kan maƙale a kofato, gashin dabbobi da tayoyin motoci, don haka masu kiwon ragunan Layya a Aboabo da Asawase su riƙa duba turke da harawar da aka kawo daga arewa.

Dalili kuwa shi ne, a Afirka ta Kudu an daɗe da sanin tumakin da suka ci tsidau da ya yi yaushi kan kamu da ciwon hanta, kai ya kumbura, ido ya yi rawaya. Dabbar da ta nuna haka a mayar da ita inuwa, a kira likitan dabbobi. A tuge shi da saiwa kafin ya yi 'ya'ya, domin irinsa kan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba.