Bud Foster: Shekara 33 A Kujerar Mataimaki

Lokacin da na iso jihar Virginia don karatun digiri na biyu, abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali kuwa da hannu ake yin yawancinsa. Wata Asabar wani abokin karatuna ya ja ni garin Blacksburg kallon wasan Jami'ar Virginia Tech, a fili mai cin mutum fiye da 60,000. Tun a mota yake ta ambaton wani Bud Foster, har na ɗauka tsohon babban kocinsu ne. Ashe mutumin bai taɓa hawa wannan kujera ba. Mataimaki ne, kuma a haka ya yi shekara 33 a jami'a ɗaya. Abin da ya sa na bi tarihinsa ke nan.

A wannan wasa kowace ƙungiya tana da manyan rukunoni biyu, masu kai hari da masu tsaron gida, kowane da jagoransa a ƙarƙashin babban koci. Babban koci shi ke da suna da albashi mai tsoka, don haka yawancin mataimaka ba sa daɗewa wuri ɗaya; da sun ga ƙofa sai su yi gaba.

An haifi Foster a 1959 a jihar Kentucky, ya kuma yi wasa a Jami'ar Murray State daga 1977 zuwa 1980. A can ya haɗu da Frank Beamer, wanda ya zama babban kocin jami'ar a 1981 ya kuma ɗauke shi aiki. Da Beamer ya koma Virginia Tech a 1987, sai Foster ya bi shi. Farkon zuwansu ba daɗi. A shekarar farko wasa 2 kacal suka ci, suka sha kashi a 9, haka kuma a 1992 wasa 2 suka ci. Amma jami'ar ta yi haƙuri da Beamer, daga 1993 abubuwa suka fara gyaruwa.

A 1995 aka ba Foster jagorancin masu tsaron gida tare da Rod Sharpless. A shekarar ne suka kawo wani tsohon akwatin ƙarfe da ya sha jiki, irin wanda masu haƙar kwal ke zuba abincin rana su tafi da shi wurin aiki. Nufinsu shi ne 'yan wasa su ɗauki kansu leburori masu cin guminsu. Ɗan wasan da ya fi ƙwazo shi ke riƙe akwatin, in kuma sun ci wasa a gidan wasu sai a tsinko ciyawar filin a jefa ciki. A ƙarshen kakar suka doke Texas da ci 28 da 10 a wasan Sugar Bowl.

Daga 1996 Foster ya riƙe aikin shi kaɗai. A 1999 ƙungiyar ta ci dukkan wasanninta 11, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a watan Janairun 2000, inda Florida State ta doke ta da 46 da 29. A 2005 da 2006 babu ƙungiyar da ta kai yaransa hana abokan hamayya matsawa gaba a manyan jami'o'in Amurka, kuma a 2006 ya karɓi kyautar Broyles, wadda ake bai wa mataimakin da ya fi fice a ƙasar. Bayan harbin 16 ga Afrilun 2007, wanda ya hallaka mutum 32 a jami'ar, an sa sunayen mamatan cikin akwatin nan aka riƙa shiga fili da shi.

Wurin da tarihin ya fi taɓa ni shi ne 2015. Beamer ya yi ritaya, Foster kuwa bai taɓa ɓoye cewa yana son zama babban koci ba. Sai jami'ar ta ɗauko Justin Fuente daga Memphis, wanda Foster ya girma da shekara 17. Wani da ya tattara nasa ya nasa. Foster ya zauna ya yi wa sabon maigida aiki na kaka huɗu, ya ajiye aiki a ƙarshen 2019. Wasansa na ƙarshe ma Kentucky ce ta yi nasara da 37 da 30.

A gida mukan ce mahaƙurci mawadaci, to amma haƙurin Foster bai kai shi ga sarauta ba. Abin da ya samu shi ne, a Blacksburg ba a ambaton Beamer ba tare da an ambace shi ba. Da yawanmu a nan mataimaka ne, muna duba takardun jarrabawa, muna kwana a ɗakin bincike, sunan malami na fitowa a gaba. Wasunmu za su koma gida su tarar an ba wani kujerar da suka daɗe suna hange. Ranar da hakan ta faru, ina fata mu tuna da mutumin da ya koma bakin aikinsa ya ci gaba da yin sa da kyau. Allah Ya sa albarka a karatunmu, amin.