Asibitin Koyarwa Na Zariya Da Abin Da Ya Koya Daga Matan Ƙauye

Yau za mu yi magana a kan babban asibitin nan na Shika. Da yawanku kun taɓa ji malamin disfensa ya ce da wani, "Wannan ciwo ya fi ƙarfinmu, sai Shika." To, ya kamata ku san asalin wurin da ake aika ku.

Cikin shekarar 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A lokacin nan likitoci 'yan ƙasa kaɗan ne ƙwarai a Jihar Arewa. Saboda haka cikin 1967 aka kafa sashen kiwon lafiya na Jami'ar, domin a riƙa koyar da likitoci a gida. Amma ba a koyon likitanci da littafi kaɗai, sai an tsaya bakin gadon majiyyaci. Don haka aka haɗa asibitin Tudun Wada a Zariya, da na Kaduna, da na Malumfashi, suka zama wuraren koyo. Abin da ake nufi da asibitin koyarwa ke nan, watau inda ake yin magani, ana koyarwa, ana kuma binciken cuta. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta karɓi riƙonsa, sa'an nan cikin 2005 ya ƙaura zuwa sabon gininsa a Shika, kan hanyar Funtuwa.

To, me aka gano a can wanda ya shafe ku? Ga abu biyu.

Na fari, ciwon zuciya na masu jego. Likita Parry, wanda ya zo Zariya cikin 1969, shi da abokan aikinsa sun lura ana yawan kawo mata bayan haihuwa, ƙafafu sun kumbura, suna haki, ba su iya kwanciya sai a jingine. Suka yi ta tambayar matan yadda suke jego. Aka ce da su kunun kanwa, da wankan ruwan zafi safe da yamma, da kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, har kwana arba'in. Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Zuciyar da ta riga ta gaji da ɗaukar ciki, in aka ɗora mata wannan kaya, sai ta kasa. Ba kanwa kaɗai ke kawo ciwon ba, hawan jini ma yana ciki, amma ita kanwa a hannunmu take, muna iya rage ta.

Na biyu, zancen awon ciki. Daga 1976 zuwa 1979 Likita Harrison, mutumin Kudu, ya bi labarin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, ɗaya bayan ɗaya. Aka buga sakamakon cikin 1985. Ya nuna matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da naƙuda ta yi tsawo a gida tukuna aka ɗauko su. Ya nuna kuma yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama girma ba tana cikin hatsari babba, har da yoyon fitsari. Matan da suka zo awo tun da wuri, yawancinsu sun koma gida da 'ya'yansu.

Kun gani, wannan sani daga jikin matan ƙauye aka samo shi, waɗansunsu da ransu suka biya. Bai kamata ya tsaya a Shika ba, a bar ƙauye babu.

Saboda haka, maigida, in matarka ta sami ciki, bar ta ta zo awo tun watannin fari, kada ka jira sai ciki ya tsufa. Ke uwar miji, da ke unguwarzoma, ku rage kanwa a kunu, ku sassauta zafin ruwan wanka. In mai jego ta fara kumburi, ko haki, ko tari da dare, a kawo ta ranar nan. In naƙuda ta wuni ta kwana ba a sauka ba, an riga an makara, tun kafin haka ya kamata a nemi mota. In kuwa malamin disfensa ya ba ku takarda ya ce ku wuce babban asibiti, kada ku koma gida shawara har kwana uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.