Yadda Tiyatar Rage Ƙiba Ta Tona Asirin Yunwa

A Unguwar Rimi, kamar sauran unguwannin masu hali a Kaduna, hukunci biyu ake yi wa mai ƙiba: ko a ce hutu ne ya kama shi, ko a ce ya kasa kame bakinsa. Tarihin tiyatar rage ƙiba ya nuna cewa lamarin ya wuce haka.

A shekarar 1966, likita Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ya fara wata tiyata da ake ware ɗan ƙaramin sashe na tumbi a haɗa shi kai tsaye da hanji. Ya lura cewa masu gyambon ciki da aka yanke wa wani ɓangare na tumbi sukan rame. A tunanin likitocin lokacin, ƙaramin tumbi ɗan abinci kaɗan zai ɗauka, shi ke nan.

A 1995, Walter Pories ya wallafa sakamakon bin diddigin mutum 608 da aka yi wa tiyatar. Kusan kashi 83 cikin ɗari na masu ciwon sukari a cikinsu sun samu daidaituwar sukarin jini, da yawa cikin 'yan kwanaki, tun kafin su rame. Ƙanƙantar tumbi kaɗai ba za ta bayyana wannan ba.

Amsar ta fito daga sinadaran homon. A 1999, masu bincike a Japan suka gano girelin, sinadarin da tumbi ke fitarwa don tayar da yunwa. A 2002, David Cummings ya nuna cewa girelin na ƙaruwa ga wanda ya rame ta hanyar rage cin abinci, amma ya yi ƙasa sosai ga waɗanda aka yi wa tiyata. Shi kuwa GLP-1, wanda hanji ke fitarwa, yakan ƙaru bayan tiyatar. Yana kawo ƙoshi da wuri, yana kuma ƙara fitar insulin. Aikinsa allurar Ozempic ke kwaikwaya, wadda Amurka ta amince da ita a 2017.

Tiyatar na da nata nauyi: ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12, da shan magungunan ƙari har ƙarshen rayuwa. Mata kuma, da yake damar ɗaukar ciki kan dawo musu, ana shawartarsu su jinkirta ciki na wata 12 zuwa 18.

Wanda ya rage abinci ya rame, sannan ƙibar ta dawo, jikinsa ne ke ƙara masa yunwa. Ganin likita ya fi masa amfani a kan gori.