Wa Ya Faɗa, A Ina Ya Faɗa? Tarihin Rigimar Zelda Da Ƙa'idojin Rubutu A Wiki

Yau filin tarihi zai leƙa wata ƙasa da babu ita a taswira, wato Hyrule, inda wasannin bidiyo na The Legend of Zelda ke gudana. Kada ka ce harkar yara ce ka wuce. Shekara da shekaru manya da gemunsu suna musu kan wane labari ya riga wane a jerin wasannin nan, kuma daga musun ne masu rubutu a wiki suka koyi ƙa'idojin da ko ɗalibin tarihi zai amfana da su.

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Zelda na farko a 1986, na biyu a 1987. Labarin ba wani tsawo: yaro Link, gimbiya Zelda, da mugu Ganon. Da A Link to the Past ya fito a 1991, aka tallata shi a matsayin labarin magabatan waɗancan Link da Zelda, ka ga ke nan ya rigayi na farkon. To amma a 1998, lokacin fitowar Ocarina of Time, sai Shigeru Miyamoto, mutumin da ya ƙirƙiro wasan, ya yi hira da mujallar Nintendo Power ya jera su wani iri daban: Ocarina, sai na 1986, sai na 1987, sannan A Link to the Past a bayansu. To fa. Kwalin wasa ya ce kaza, mai wasan ya ce kaza. Wa za a bi?

Shi kansa Ocarina ya ƙara dagula lissafi. A cikinsa Link yana yaro ya zare takobi, ya yi barcin shekara 7, ya farka saurayi, ya ci Ganon da yaƙi, sai Zelda ta mayar da shi yarintarsa. Masu wasa suka rabu gida biyu. Wasu suka ce tarihin layi ɗaya ne miƙaƙƙe. Wasu suka ce a'a, ya rabe biyu: duniyar da Link ya bari yana babba, da wadda ya koma yana yaro. The Wind Waker na 2002 da Twilight Princess na 2006 suka ƙarfafa masu cewa biyu ne, kuma Eiji Aonuma, wanda ragamar jerin ta koma hannunsa, ya tabbatar da rabuwar a hirarraki. Sai dai tsofaffin wasannin sun ƙi zama daram a kowane reshe.

A tsakiyar wannan ƙura aka kafa Zelda Wiki a 2005. Wiki dai kun sani, kundi ne da kowa zai iya shiga ya gyara. Daɗinsa ke nan, ciwon kansa ma ke nan. Kowa na da nasa hasashen, kuma kowa na jin nasa ne gaskiya. Wani ya kwana yana rubutu, gari ya waye wani ya goge. In ba a sa doka ba, kundin zai koma dandalin hira.

Doka ta farko ita ce kawo hujja. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙas. In ka rubuta cewa wane jikan wane ne, sai ka kawo jimlar da aka faɗa a cikin wasan, da sunan wanda ya faɗe ta, da wasan da ta fito. Ambaton mai maganar ba ado ba ne. Tsohuwa a ƙauyen Hyrule da ke ba da labarin abin da ya faru ɗaruruwan shekaru baya tana iya kuskure, domin ita ma ji ta yi. Abin da mai wasa ya gani da idonsa ya fi shi ƙarfi, gani ya kori ji.

Ta biyu ita ce jera majiyoyi daraja-daraja. Wasannin da Nintendo ya yi su ne a sama, sai littattafansa da maganganun masu ƙirƙira. Akwai kuma abubuwan da ake rubuta su amma a manna musu alamar cewa ba sa cikin ainihin labarin. Misali wasanni uku da suka fito a na'urar Philips CD-i daga 1993, waɗanda wasu kamfanoni suka yi da lasisi kawai. Ba a share su daga kundi ba, an dai keɓe su, don kada mai karatu ya gauraya tsaki da tsakuwa.

Ta uku ta shafi fassara, kuma nan ne mu da muka tashi tsakanin harsuna biyu za mu fi kowa ganewa. Wanda ya taɓa yi wa kakarsa tafinta a asibiti ya san yadda kalma ɗaya ke sauya magana. A Turancin A Link to the Past na 1992, masu hikima bakwai da suka kulle Ganon an kira su maza. Kalmar Japananci ba ta nuna namiji ko mace ba. Da Ocarina ya zo da nasa bakwai ɗin, biyar mata ne, sai masu bin Turanci suka ga kamar labaran sun ci karo, alhali mai fassara ne ya jawo. Da aka sake fitar da wasan a Game Boy Advance a 2002, an gyara kalmar. Haka sunan Dragmire da littafin jagoran wasan na Amurka ya liƙa wa Ganondorf, babu shi a na Japan. An daɗe ana ɗaukarsa ƙarin gishirin masu fassara, kwatsam a 2017 sai ga Nintendo ya sake amfani da shi a bayanansa na Turanci. Darasin shi ne a rubuta wace fitowa ce ta ce me, a wane harshe, a wace shekara.

Ta huɗu ita ce raba hasashe da abin da ya tabbata. A shekarun farko akan bar hasashen masu wasa a cikin maƙala, da gargaɗi a kansa cewa wannan fa ra'ayi ne. Da tafiya ta yi nisa aka ƙara matse hannu, domin hasashe in ya daɗe a kundi sai ya rikiɗe ya zama "ai kowa ya sani".

A Disambar 2011, cikar Zelda shekara 25, Nintendo ya fitar da littafin Hyrule Historia a Japan, kamfanin Dark Horse ya kawo na Turanci a Janairun 2013. Kowa ya zaci rigima ta ƙare. Ashe rassan uku ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Skyward Sword na 2011 shi ne mafari. Bayan Ocarina akwai reshen yaro, da reshen babba, da na uku inda Ganon ya yi galaba a kan Link, kuma a nan aka zuba A Link to the Past da wasannin 1986 da 1987. Wallahi kusan babu wanda ya hango haka. Lissafin shekaru na mutane da dama ya rushe dare ɗaya.

Ko a nan ba ta zauna ba. Littafin Hyrule Encyclopedia, na 2017 a Japan da 2018 a Turanci, ya sauya wurin Link's Awakening, ya sa shi gaban wasannin Oracle biyu, alhali Historia a bayansu ya ajiye shi. Breath of the Wild na 2017 kuwa an ce can gaba da nisa yake, ba tare da an ɗaura shi a kan wani reshe ba. Aonuma kansa ya sha bayyana cewa su yadda za a buga wasan suke fara tsarawa, labari ya biyo baya.

To me ya tsira daga duk wannan? Maƙalar da ta ce "gaskiyar magana ita ce kaza" sai da aka rushe ta aka sake gini, wata ma sau biyu. Wadda ta ce "a 1998 Miyamoto ya ce kaza, a 2011 Historia ya ce kaza, a 2017 aka sauya" layi ɗaya kawai aka ƙara mata. Mai gyaran wiki ba alƙali ba ne, marubucin kotu ne. Aikinsa ya ajiye wa na baya abin da kowa ya faɗa da lokacin da ya faɗa, ko da shi a ransa yana da wanda yake goyon baya.

Saboda haka ɗan uwa, 'yar uwa, ranar da ka shiga wiki na wasan da kake so za ka yi gyara, tsaya tukuna ka tambayi kanka: wa ya faɗa, a ina, yaushe, da wane harshe? In ba ka da amsa, ajiye shi a wurin tattaunawa har ka samo. Haka in an zauna ana ba ka labarin yadda kakanku ya baro gida ya zo ƙasar nan, rubuta sunan wanda ya ba ka da shekarar da ya ba ka, domin gobe gwaggo za ta zo da nata daban, kuma duka biyun abin ajiyewa ne.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.